Sawun da Ya Kauce wa Kabarin Maiguwa

Ana saukowa daga masallacin Juma'a, tun mutane ba su gama laluben takalmansu ba, labari ya game Dogon Gawo cewa an yi sata a gidan Maiguwa. Ba hatsi aka ɗauka ba, ba dabba ba. Allon tagulla ne da gwamnati ta aiko daga Yamai don a kafe shi a bangon gidan, shi ne ya yi ƙafa. Tare da shi an rasa takalman marigayin.

Baƙo zai ce mene ne abin tayar da hankali a kan faranti da tsofaffin takalma. To, Maiguwa yana cikin mutanen da suka karɓo ƙasa daga hannun Nasara. Ya yi depite a majalisar ƙasa, ya yi minista, muryarsa ta sha fita a rediyo. Da soja suka karɓi mulki sai ya tattaro ya dawo gidan ubansa na dutse da laka, a ciki ya rasu, aka rufe shi a bayan gidan. Mutanen Dogon Gawo ba su da kwalta, ba su da famfo, amma in suka shiga kasuwar Madawa ko ta Buza, da sunan Maiguwa suke ɗaga kafaɗa.

Tun rasuwarsa ake ja-in-ja a kan gidan. Gwamnati na son ta mai da shi gidan tarihi, ta kwashe mutanen ciki, ta sa gardi a ƙofa. Ɗansa Attahiru na son a bar wa magada abinsu, kuma kowa ya san wani attajirin albasa na Madawa na jiran ya saya ya rushe ya gina magaza ta ajiyar albasa. A cikin gidan akwai matar Attahiru da 'ya'yansa, akwai kuma Gogo, tsohuwar da ta haifi Maiguwa, wadda ba wanda ya tambaye ta komai. Ran Asabar wakilin gwamnati zai zo daga Yamai a yanke magana. Shi ya sa aka jera kayan marigayi a zaure, kujera da rediyo da hula da takalma, aka jingine allon a tsakiya. Ran Alhamis mushen lakwal, wato malamin makarantar boko, ya karanta shi ya fassara wa jama'a: "A cikin wannan gida aka haifi Maiguwa, ɗan ƙasa nagari." An yi tafi har tafin hannu ya yi zafi.

* * *

Tanimu mai bin sau yana cikin na ƙarshen fitowa daga masallaci, don gwiwa ta fara yi masa gardama. Tsoho ne siriri mai gajen haƙuri, wanda ya sha bin raƙumin sata har tsaunukan Keita ya dawo da raƙumi da ɓarawo. Shi da Maiguwa rana ɗaya aka yi musu kaciya, tare suka yi kiwon awaki kafin Nasara ya ɗauke ɗaya zuwa lakwal ya bar ɗaya a daji. Ko da Maiguwa ya zama minista, in ya zo gida a akushi ɗaya suke cin tuwo.

Da ya iso ya tarar rabin gari ya cika zauren, nan take ransa ya ɓaci. Babu abin da mai bin sau ya tsana kamar masu zuwa jaje, don kowannensu da ƙafa biyu yake zuwa.

"Kowa shi tsaya inda shike," in ji shi. "Wanda duk yaɗ ɗaga ƙahwa, shi na ɓarawona."

Aka daskare, har da maigari, ƙafa ɗaya a cikin zaure ɗaya a waje.

Jandarma biyu da aka turo daga Madawa don tsaron bikin kafa allon ba su jira mai bin sau ba. Sun riga sun sa wa Attahiru ankwa, saboda ba a gan shi a masallaci ba, kuma an ji shi a kasuwa yana cewa allon nan ba zai kwana a bangon ubansa ba. Babbansu, wanda ake kira shef, ya faɗa wa Tanimu magana a fili: in wakili ya iso babu allo, Attahiru sai gidan kaso, gida kuma a kwashe kowa a kulle, babu sauran shawara. Tanimu ya ji abin har cikin ƙashinsa. Gidan abokinsa zai watse a kan idonsa ke nan.

Ya durƙusa a gindin bango inda ba wanda ya taka. Ga shi nan raɗau: sawun takalmin fata irin na Nasara, da ƙusoshi jere a dunduniya kamar jinjirin wata. Ya sa aka kawo akushi ya kife shi. Amma wani mai dogon wuya ya riga ya leƙo.

"Wanga ai sawun Maiguwa na. Kowa ya san ƙusoshin ga."

Idanu suka bi sawun. Ya fita ta ƙofar baya, ya shiga lungun da ya nufi kabari. Sai wuri ya hautsine. Wani ya ce mai abu ya zo ya ɗauki abinsa, wani ya ce da ma ya yi mafarki, liman ya fara karatu da sauri fiye da yadda ya saba. Kafin la'asar labari ya kai Sabon Gida, a can har an samu wanda ya gan shi da farar riga.

Tanimu bai yarda da ko kalma ɗaya ba. Takun gajere ne, kuma bakin takalmin na shara ƙasa, alamar ƙaramar ƙafa a cikin babban takalmi. Amma tsoron jama'a ya yi masa rana.

"Wanda yat taka sawun mamaci, shi ka bi mishi," in ji shi.

Nan da nan lungu ya zama fayau, ko kaza ba a bari ta shiga ba. Shi kuwa bai bi sawun a take ba. Sau ba ya magana da rana tsaka, sai ta karkata ta zuba masa inuwa. Kafin nan ya ce bari ya ji ta bakin waɗanda gari ke nunawa da yatsa.

* * *

Attahiru na zaune a zauren maigari, hannuwa a cinya, kai a ƙasa.

"Ina kat tahi lokacin salla?" Tanimu ya tambaye shi.

"Mararraba, Baba. Mai albasa yac ce in tarbe shi can mu ƙare magana kahin wakili shi zaka."

"Ka bar Juma'a don ka sai da ɗakin ubanka."

"Baba, gidan ga ruwa shika sha kowace damina. Ni ka yaɓe, ni ka canza azara. Su ko su zaka su ɗauki hoto su tahi. Amma wallahi ban taɓa allon ga ba."

Tanimu bai kalli fuskarsa ba, ƙafarsa ya kalla. Ƙafa ce irin ta dangin uwarsa, faffaɗa kamar ta raƙumi, ko da man shanu ba za ta shiga takalmin Maiguwa ba. Ya nuna wa shef. Shef ya ɗaga kafaɗa ya ce ba sai da ƙafarsa mutum ke sata ba, yana iya aikar wani. Tanimu ya so ya musa, amma maganar ba ta wauta ba ce, sai ya haɗiye.

Na biyu shi ne Ayuba maƙeri. Ran Alhamis an gan shi ya ƙwanƙwasa allon da farce yana cewa tagulla ce mai kyau, za ta yi mundayen amare da yawa. Yau kuma ga hayaƙi na tashi a maƙerarsa ran Juma'a. Jama'a suka bi Tanimu ɗuu, kowa na son ya ce a gabansa aka kama. Tanimu ya tona toka da sandarsa, ya duba bayan zugazugi, bai ga komai ba sai baƙin ƙarfe.

"Ni maƙerin baƙi na, Tanimu," in ji Ayuba, yana share zufa. "Tagulla aikin maƙeran hwari na. In na narka ta mi zan yi da ita, in ƙera maka hauyar ado? Damina ta matso, kowa na son kayan noma jiya-jiya. Yaba abu kuma bai zama sata ba. Kai ma ka sha yaba tuwon matata."

Aka yi dariya, aka watse da ɗan jin haushin an rasa kallo.

Na uku ya fi kama hankali. Halidu tsohon ɗan adawa ne, ya ɗanɗana gidan kaso a zamanin jam'iyyar Maiguwa, kuma bai taɓa ɓoye ƙiyayyarsa ba. Ga shi da 'yar ƙaramar ƙafa, ga shi yana jan ta tun da kurkunu ya kama shi. Tanimu ya ƙara sauri da ya tuna haka. Ya same shi a gindin bishiyar bedi yana sassaƙa ƙota.

"Tashi ka taka in gani."

"Don kai ka cewa?" Halidu ya tashi duk da haka, ya taka zuwa bango ya dawo yana harararsa. Ƙafar hagu kaɗai yake ja. Mai takalmin kuwa duka biyu yake sharewa.

"Da ni na," in ji Halidu, "rediyo zan ɗauka in jehwa rijiya, don da ita yac ci mu. Mi zan yi da allo? Ni kullum sahe nika biyawa kabarinai in zage shi kaɗan, in yi mishi addu'a. Wa yar rage min da zan yi gardama da shi?"

Tanimu ya juya ya bar shi. Mutum uku, babu ko ɗaya, ga rana ta karkata.

* * *

Ya shiga lungun shi kaɗai, yana tafe a sunkuye, sandarsa a baya. Yanzu ƙasa ta buɗe baki. Mai takalmin yana taku a miƙe, ba ya karkata, irin tafiyar wanda ya ɗora kaya a ka. Lungun kuwa ko ɓarawo ne ya zana shi bai fi haka ba: katanga a dama, rumbuna a hagu, ya wuce ta gefen kabari ya faɗa daji ba tare da ido ya gan ka ba.

Amma sawun bai kai kabarin ba. Saura kaɗan sai ya tsaya, takalma biyu a jere, sun ɗan nutse, alamar an jima a tsaye. Daga nan ya juya wa kabarin baya, ya matse ta tsakanin rumbu da rumbu inda ko akuya sai ta yi dabara, ya fita fili ta bakin rijiya, wurin da ba a raba shi da mata.

Tanimu ya tsugunna yana sosa gemu. Ɓarawon da ya samu lungu ya bar shi ya fita fili, ko mahaukaci ne ko ba ɓarawo ba ne. Kowa a garin nan yana tsayawa a kabarin Maiguwa, masoyi da maƙiyi, har Halidu. Wane ne zai gwammace idon jama'a da ya gifta ta gaban Maiguwa?

Sai amsar ta faɗo masa. Ya tuna suna yara, suna dawowa da awaki, wata mata ta hango su ta saki hanya ta shiga gona. Ya tuna motar minista na tsayawa a ƙofar gida, ita kuwa tana sulalewa gidan maƙwabta. Maiguwa ɗan fari ne, uwa kuma tana kunyar ɗan fari: ba ta kiran sunansa, ba ta zama inda yake, ba ta nuna ta san da shi a gaban mutane. Mata da yawa suna sassautawa in tsufa ya zo. Gogo ba ta taɓa sassautawa ba, ko da ƙasa ta rufe shi.

Ya manta da gwiwa, ya koma cikin gida da sassarfa, ya ɗaga asabarin ɗakin kusurwa. Tabarma a shimfiɗe, furar rana a rufe ba a taɓa ba. Ya tambayi matar Attahiru ko ta ga Gogo. Ta ce ba ta lura ba. Tun da aka fara ihun sata ba wanda ya leƙa ɗakin tsohuwa.

A bakin rijiya ya tarar da mata, cikinsu har da matarsa Lantana.

"Lantana, kun ga ɓarawo ya wuce nan lokacin salla?"

"Ɓarawo? Ba mu ga ɓarawo ba, maigida."

Ya dubi ƙasa. Ga takalman sun tsaya, ga shatin gwiwoyin mata a gabansu, ga wurin da aka zubar da ragowar ruwan sha. Ga kuma sawun da zai gane ko a cikin dubu, mai karkataccen babban yatsa, wanda yake gani a tsakar gidansa kullum.

"To wa kunka durƙusa ma?"

"Kai ka bin sau, mu ruwa muka ja," in ji Lantana, ta saki guga. Matan suka ƙyalƙyale da dariya a cikin mayafi. Har ya juya cike da haushi sai ta biyo shi, ta rage murya. "Ka tahi da jaki, da ruwa. Rana ta yi mata yawa."

* * *

Sawun ya gangara ƙorama, ya haura tudun duwatsu, ya miƙe zuwa wani kufai da aka tashi daga cikinsa tun wata tsohuwar yunwa, lokacin da rijiyarsa ta ƙafe. Babu abin da ya rage sai da'irar duwatsun ɗakuna da aduwa guda. A inuwarta Gogo ke zaune, ta miƙe ƙafafu sun kumbura, takalman a jere a gefenta. Allon na kwance a ƙasa bayan wata da'ira, an danne kusurwoyinsa da duwatsu.

Tanimu ya sauka daga jaki ya durƙusa. "Inna, sannu da rana."

"Tanimu na? Kai dai tun kana yaro ba ka bari mutum shi huta."

Ya miƙa mata gora ta sha. Sannan ya ce, "Gari duk ya tashi, Inna. An sa ma Attahiru ankwa."

Ta ajiye goran a ƙasa. Wannan ba ta san da shi ba.

"Mi yas sa kiɗ ɗauko shi?"

"Ran Alhamis ina bayan zana, na ji mushe ya karanta ƙarya. Kun yi mata tahi. Har da kai, na ji muryarka."

"Wace ƙarya?"

"Kai da ka da ɗiya, ina Lantana tah haihi na hwari?"

"Gidansu tat tahi goyon ciki, kamar kowa."

Bai rufe baki ba ya ji kamar an kwara masa ruwan randa. Mace ba ta haihuwar fari a gidan miji. In ciki ya tsufa gidan iyayenta take komawa, a can ta haihu, a can ta yi wanka, sannan a dawo da ita da jariri. Kowane namiji a Dogon Gawo ya san haka, kowannensu ya raka matarsa. Amma da aka ce an haifi Maiguwa a gidan ubansa, duk suka tafa, don a bakin namiji gidan uba shi ne gida.

"Nan ɗakin innata yake," in ji Gogo, ta nuna da haɓa. "Nan nid durƙusa. Inda allon ga yake, nan anka binne cibiya."

"Mi yah hana ki hwaɗi tun ran nan?"

"In tsaya gaban maza in yi zancen wane? Ni?" Ta kawar da kai. Ko yanzu, daga ita sai shi sai jaki, "wane" ta ce.

"Takalman hwa?"

"Ƙasa da zahi, nawa sun tsinke." Ta shafa fatar da tafin hannu. "Da ƙahwata anka kai shi gidan ubanai yana jinjiri. Yau na ari tashi ƙahwar." Can ta ƙara da cewa, "Gida kuma, wanga shi ce a kulle, wancan shi ce a rushe. Ban ji wanda yac ce ina tsohuwa za ta sa haƙarƙarinta ba."

Tausayi da kunya suka rufe Tanimu. Ya ɗora ta a kan jaki, ya bar allon inda ta sa shi. Duk hanya yana saƙa yana kwancewa. Bai taɓa yi wa sau ƙarya ba, kuma in bai faɗi suna ba Attahiru ya tafi. Amma ya tsaya a gaban gari ya nuna uwar Maiguwa a ce ga ɓarauniya, wannan kam gara ƙasa ta tsage. Ya shigar da ita ta bayan gida kafin magariba, ya je ya ce wa shef gobe a tara kowa, zai nuna inda allo yake.

* * *

Da hantsi motar wakili ta iso, yara na bin ta a guje. Saurayi ne mai tabarau da ladabi, ya gaida dattawa hannu biyu. An shimfiɗa tabarmi a ƙofar gidan Maiguwa, maza a gaba, mata a bayan zana. An zaunar da Attahiru da Ayuba da Halidu a jere. Ko makaho ya zo kallo ran nan.

Tanimu ya miƙe ya bi su ɗaya bayan ɗaya. Ƙafar wannan ta yi girma, tokar wancan baƙin ƙarfe ce, na ukun ƙafa ɗaya yake ja. Halidu ya ce a rubuta a kai Yamai cewa yau an wanke shi.

"To wane ne ɓarawon, Baba?" in ji wakili.

"Babu ɓarawo, ranka shi daɗe. An dai kai allo inda ya dace da shi." Ya juya ga dattawa. "Maigari, Maiguwa ɗa na nawa na ga uwatai?"

"Na hwari."

"Ina aka haihuwar ɗan hwari?"

Maigari ya buɗe baki, sai ya kama gemu. Liman ya ce subhanallahi a hankali. Gunaguni ya tashi daga gaba ya bi sahu har baya, daga bayan zana kuma wata ta rangaɗa guɗa. Mushen lakwal ya sunkuya yana yi wa wakili bayani a kunne, wakili na gyaɗa kai, idonsa na ƙara buɗewa.

"Na gane," in ji shi. "A garinmu ma haka ake yi, ni kaina ban tuna ba. Amma ba zan koma Yamai da an ce ba. Kayan gwamnati ya bar wurinsa, dole a san hannun da ya ɗauka, dole kuma a samu shaidar da ta ga haihuwar. In babu, shef zai tafi da wanda ke hannunsa."

Ungozomar da ta karɓi haihuwar ta mutu, mutanen kufai sun mutu. Duk idanu suka koma kan Tanimu. Sunan na kan harshensa, ya dubi ankwar Attahiru, ya dubi zana, zufa ta karyo masa.

Sai aka ji ƙwas, ƙwas, ƙwas daga cikin zaure, ƙarar ƙusa a kan daɓe. Na kusa da ƙofa suka watse, wani ya bar hularsa, Ayuba maƙeri da ke taƙama da wasa da wuta ya tsallake tabarma biyu. Gogo ce ta fito, 'yar tsohuwa kamar a hure ta, tana jan manyan takalma.

Wakili ya sauko daga kujera ya rusuna. "Inna, ke kika ɗauki allon?"

"Ni ta."

"Me ya sa?"

"Ba nan anka haihe shi ba. Can kufan gidanmu na."

"Wa aka haifa a can, Inna?"

Ya yi tambayar ne don aikinsa, amma tana fita ya gane abin da ya roƙa. Maigari ya yi tari. Tanimu ya matso da sauri ya ce shi zai faɗa a madadinta. Gogo ta ɗaga masa hannu. Ta dubi jikanta da ƙarfe a wuyan hannu, ta daɗe tana dubansa.

"Maiguwa," in ji ta. Muryar ta fita kamar ƙofar da aka daɗe ba a buɗe ba. Ta gyara tsayuwa. "Maiguwa nawa. Ni nih haihe shi, ran wata Laraba, ana yayyahi."

A bayan zana wata ta fashe da kuka. Halidu ya sunkuyar da kai yana murza ido yana cewa ƙura ce. Tanimu bai ɓoye nasa ba, ya bar su suka zubo.

Gogo ba ta gama ba. "Ku kahe allonku can inda cibiya take. Gidan ga ko, ba a haihe shi ciki ba, amma ciki yag girma, ciki yam mutu, ciki nike. Mai son ganin kujera shi zaka shi gani, zaure buɗe yake. In na bi shi, ku yi abin da kunka ga dama."

Wakili ya dubi maigari, ya dubi dattawa, bai ga mai musu ba. Ya ce haka zai kai Yamai: allo a kufai, zaure na masu ziyara, cikin gida na masu gida. Ya yi wa shef alama aka kwance ankwar. Da aka tambayi Attahiru ko yana da magana a matsayinsa na magaji, sai ya ce mai albasa ya nemi wani fili, Madawa ba ta rasa ƙasa ba.

Ya rarrafa ya durƙusa a gaban kakarsa. Tun da aka haife shi bai taɓa jin sunan ubansa a bakinta ba.

"Gogo, ki sake hwaɗi in ji."

Ta dungure masa kai da yatsa. "Tashi ka ba ni wuri, mijin banza. Tun ina yarinya nika ajiyar shi, ka ce in zubar da shi rana guda? In kana son ka yi abin kirki, ɗakina na yoyo ta gabas, kuma hadari ya hwara haɗuwa."

Attahiru ya share fuska da hannun riga, ya tashi ya tafi neman tsani.